Inuwar da ke Gindin Haƙori

A watan Oktoba na 1910, wani likitan Landan mai suna William Hunter ya tsaya gaban malamai da ɗaliban likitanci a Jami'ar McGill da ke Montreal, ƙasar Kanada, ya yi wa masu aikin haƙori wankin babban bargo. Shi ba likitan haƙori ba ne, likitan ciki ne a asibitin Charing Cross. Abin da ya tsone masa ido shi ne masu hannu da shuni da yake tararwa kwance a gadon asibiti, baki na walƙiya da zinariya, ƙarƙashin zinariyar kuwa saiwoyi ne ruɓaɓɓu cike da mugunya. A ganinsa wannan ruɓa da aka lulluɓe da ado ita ke jawo ƙarancin jini, da ciwon ciki, da ciwon ƙoda, da wasu cututtukan da likitoci suka rasa gane kansu. Mujallar Lancet ta buga jawabin a 1911, daga nan magana ta bazu.

Rabin maganar Hunter gaskiya ce. Ko a yau, idan na ɗaga wa wani dattijo haƙorin Makka da aka kafa shekara da shekaru a kan haƙori mai kogo, abin da nake tararwa a ƙasa kan tuna mini da shi. Ɗaya rabin kuwa, wanda mabiyansa suka yi gini a kai, ya raba mutane bila adadin da haƙoransu a banza. Tambayar da ta fi kowace tsaya mini a rai a wannan sana'a daga wurinsa ta samo nauyinta. Ga haƙori an yi masa aikin jijiya, an cike, an rufe, sai kuma ga alamar bai warke ba. A sake buɗe shi? A tsaga dasashi a yanke ƙarshen saiwar? A cire? Ko a zuba masa ido? Cikin shekara ɗari amsar ta sauya ba sau ɗaya ba, kuma kowane sauyi da abin da ya kawo shi.

Kafin zamanin Hunter ba mai yin wannan tambaya, don ba mai iya ganin abin da zai sa a yi ta. Haƙori a waje tauri gare shi, amma a cikinsa akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka da jijiya da hanyoyin jini, kuma daga ɗakin nan siraran kafofi ke gangarawa ta cikin kowace saiwa har su ɓulla cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan ruɓa ta kai ga tsokar, shi ne ciwon da ke hana barci. Mutanen da, tun daga Babila har garuruwanmu, tsutsa suka ɗora wa laifi, kuma har yanzu akan kawo mini yaro a ce tsutsa ta cinye masa turmi. Pierre Fauchard na Faransa, wanda ake ɗaukar littafinsa na 1728 a matsayin tushen sana'ar, ya bayyana yadda ake huda haƙori a ba mugunya hanya, a kwantar da zugi da man kanumfari, a toshe da darma. Kanumfarin nan da tsofaffinmu ke cusawa a kogon haƙori bai bar mu ba har gobe. Mansa na cikin ƙullin da muke liƙe ciko da shi, kuma shi ne ƙanshin da ke tarar mutum tun daga ƙofar ɗakin likitan haƙori.

Ƙarni na 19 ya kawo kayan aiki. A 1836 Shearjashub Spooner a Amurka ya ba da shawarar a kashe jijiya da gubar asenik. A 1838 Edward Maynard na Washington ya gogi wayar cikin agogo har ta sirance, ya mai da ita allurar shiga kafar saiwa. A 1864 Sanford Barnum ya fito da ƙyallen robar da ake keɓe haƙori da shi don kada miyau ya shiga, sannan a 1867 G. A. Bowman ya cike kafar saiwa da gutafaca, danƙon wata bishiya ta yankin Malesiya, wanda har yau da shi muke cikewa. Amma duk a makance ake yi. Likita bai san tsawon saiwa ba, bai san ko ta lanƙwashe ba, bai san inda cikonsa ya tsaya ba. Ma'auni ɗaya ne: ciwo ya tafi, aiki ya yi kyau; ciwo ya dawo, a ɗauko awartaki.

Sai ga hasken Röntgen a ƙarshen 1895. Cikin 'yan makonni, a Janairun 1896, Otto Walkhoff na Braunschweig a Jamus ya cusa farantin gilashi a bakinsa, ya jure minti 25 ƙarƙashin hasken, ya fito da hoton haƙori na farko. A New Orleans, Edmund Kells ya rungumi na'urar hannu bibbiyu, yana aiki da ita ba kariya, har hasken ya cinye masa yatsu, daga bisani aka yanke hannun ɗungurungum. Da irin wannan tsada aka sayi idon da muke gani da shi. Abin da idon ya fara nunawa kuwa bai yi wa kowa daɗi ba. Haƙoran da aka ɗauka sun warke, masu su na tauna nama lafiya lau, sai ga wata baƙar inuwa a gindin saiwarsu, wata milimita biyu, wata ta kai goma.

A yau mun san mece ce inuwar: ƙashi ne ya zaizaye. Ƙwayoyin cuta na zaune cikin kafar saiwa inda jini ba ya kaiwa, jiki kuma ya ja daga a bakin kafar, ya narkar da ɗan ƙashin wurin domin ya samu filin tara dakarunsa. Yawanci ma tsare cutar yake yi a nan. Amma mutanen 1910 da jawabin Hunter a kunne suka kalli hoton, sai suka ga rumbun guba. Frank Billings na Shikago da Edward Rosenow na asibitin Mayo suka yaɗa ra'ayin cewa ƙwayoyin cuta kan taso daga irin wannan maɓoya su bi jini su sauka a gaɓɓai, ko zuciya, ko ƙoda. Weston Price na Cleveland, wanda shi kansa yana cikin na farkon da suka yi kiran a riƙa duba aikin jijiya da hoto, ya fitar da manyan littattafai biyu a 1923. Yakan cire haƙorin maras lafiya ya dasa shi ƙarƙashin fatar zomo, zomo ya kamu ko ya mutu, ya ce ga shaida. Daga baya masu bincike suka nuna raunin gwajin. Haƙori kan kwashi ƙwayoyin baki a lokacin cirewa, yawan cutar da ake ɗura wa ƙaramar dabba ya wuce kima, kuma ba a yi gwajin kwatance yadda ya kamata ba. Kafin a gane haka, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Mafi munin labarin a asibitin masu taɓin hankali na Trenton ya faru, a jihar New Jersey, inda Henry Cotton ya shugabanta daga 1907 zuwa 1930. Ya yi imani cewa hauka daga ruɓar jiki take, don haka ya riƙa zare wa marasa lafiya haƙora, idan ba su warke ba ya wuce zuwa yanke hanji, da yawa suka mutu. Duk sanda na karanta wannan, raina kan ɓaci, domin mutanen da aka yi wa haka ba su da bakin cewa a'a. A wajen asibitin ma, kusan shekara talatin amsar tambayarmu ba ta wuce kalma ɗaya ba: cire. Mai ciwon gwiwa a cire masa haƙori, mai yawan gajiya a cire masa. Makarantu da dama suka rage koyar da aikin jijiya, balle a yi zancen sake shi.

Abin da ya karya wannan guguwa ƙidaya ce. A 1938 Russell Cecil, wanda da can yana cikin masu goyon bayan ra'ayin, shi da Murray Angevine suka bi diddigin mutum 200 masu amosanin gaɓɓai, suka ga cire haƙora da makamantansu bai warkar da su ba. Wasu 'yan tsirarun likitoci kuma dama ba su saki aikin ba. Louis Grossman na Philadelphia ya fitar da littafinsa kan aikin jijiya a 1940, a 1943 kuma kimanin mutum ashirin suka taru a otal ɗin Palmer House da ke Shikago suka kafa ƙungiyar masu wannan fanni ta Amurka. Sai a 1963 aka amince da shi a can a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa. Waɗannan mutane sun fito daga zamanin da ake tuhumarsu da ajiye guba a bakin jama'a, saboda haka suna bukatar ma'auni mai tsauri da za su kare kansu da shi.

Daga Suwidin ma'aunin ya zo. A 1956 Larz Strindberg na Stockholm ya buga sakamakon bin haƙoran da ya yi wa aiki shekara da shekaru, ya kafa ƙa'ida: a ba haƙori shekara huɗu. Idan ba ciwo, kuma ƙashi ya koma yadda yake a hoto, an yi nasara. Idan inuwa na nan, ko da ta ragu, ko da mai haƙorin bai san da ita ba, aiki bai ci ba. Shekara huɗun nan har yau tana cikin ƙa'idojin ƙungiyar masu fannin ta Turai, kuma ina girmama Strindberg, don shi ya koya mana haƙuri: ƙashi ba ya tsirowa cikin wata guda, kuma inuwar da aka gani wata shida bayan aiki ba hujjar komai ba ce. Sai dai makarantu sun mai da ƙa'idarsa umarni. Inuwa bayan shekara huɗu cuta ce, cuta kuma a yi mata magani, a sake aiki ko a yi tiyata ko a cire. Haka aka koya mana, haka aka tambaye mu a jarrabawa.

To, idan za a sake, me za a gyara? Tsawon lokaci an ɗauka matsalar rami ce kawai: in an bar gurbi a kafar saiwa, ruwan jiki zai taru ya ruɓe. Don haka hankali ya koma kan ciko, ya kai ƙarshe, ya yi fari tas a hoto. Tun shekarun 1930 aka shiga cusa siraran sandunan azurfa, waɗanda kan yi kyau a hoto ƙwarai, amma sandar zagayayya ce, kafar kuwa ba zagayayya ba ce, ruwa ya bi gefe, azurfa ta yi tsatsa ta yi baƙi. A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald suka yi gwajin da ya juya akalar fannin. Suka huda haƙoran ɓeraye iri biyu suka bar su a buɗe: ɓerayen gama-gari, da waɗanda aka haifa aka raina ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Na farkon jijiyarsu ta mutu, ƙurji ya fito a gindin saiwa. Na biyun, duk da abinci na cushewa a ramin, tsokar ta rayu har ta gina sabon bango. A 1976 Göran Sundqvist na Umeå ya tabbatar da haka a jikin mutane: cikin haƙoran da jijiyarsu ta mutu sanadin buguwa, masu inuwa ne kaɗai ke ɗauke da ƙwayoyin cuta. Daga nan tambayar ta zama wadda ake iya aiki da ita: ina ƙwayoyin suka ɓuya, kuma hannuna zai kai wurin?

Nan ne kuma aka gano cewa hoton da kowa ya dogara da shi ba shi da tabbacin da ake zato. A 1961 Bender da Seltzer suka riƙa ƙwaƙule ramuka a ƙashin muƙamuƙin gawa suna ɗaukar hoto, suka ga rami kan yi girma a cikin lallausan ƙashi bai fito ba, sai ya taɓa ɓawon ƙashi mai tauri. Ashe rashin inuwa ba shaidar lafiya ba ne. A 1972 Melvin Goldman da abokan aikinsa a Boston suka ba likitoci shida hotunan haƙora 253 su faɗi wanda ya warke da wanda bai warke ba. Bakinsu bai zo ɗaya ba ko a rabin haƙoran. Da aka sake ba wasunsu hotunan bayan watanni, sai ga mutum yana saɓa wa abin da shi kansa ya faɗa.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Claes Reit da Hans-Göran Gröndahl a Gothenburg, 1984. Suka nuna wa likitocin gwamnati 35 haƙora 33 da aka yi wa aikin jijiya, kowanne da inuwarsa, suka ce me za ku yi? Ba haƙori ko ɗaya da duka suka yarda a kansa. Wani ya zaɓi taɓa 7 kacal, wani ya zaɓi 26. Ƙasa ɗaya, tarbiyyar sana'a ɗaya, ƙa'idar Strindberg ɗaya a ka. Shekara goma bayan haka Thomas Kvist da Reit da abokansu suka fito da bayanin abin da ke faruwa. Likita a ɗakin aikinsa ba ya raba haƙora gida biyu, mai lafiya da maras lafiya. Yana kallon inuwa ne a kan sikeli, daga ƙarama zuwa babba, kuma kowa da inda ya ja layinsa. Layin ma ba a kafe yake ba. Idan cikon ya yi muni a hoto, yakan matso kusa. Idan akwai ƙusa a saiwa da hula mai tsada a sama, yakan ja baya. Kuɗi na motsa shi, halin likitan ma na motsa shi: akwai mai tsoron barin cuta, akwai mai tsoron ɓata abin da ke zaune lafiya.

Wasu na karanta wannan su ce abin kunya ne ga sana'a. Ni ban gan shi haka ba. Abin da ya nuna shi ne cewa a cikin shawarar akwai ɓangaren da ilimi ke yankewa, akwai kuma ɓangaren da darajar abu a wurin mutum ke yankewa. Kuskuren da ake yi shi ne likita ya yanke na biyun shi kaɗai a zuciyarsa, sannan ya miƙa wa maras lafiya kamar hukuncin kimiyya. Haƙorin na mai shi ne, kuɗin nasa ne, zaman kujerar nasa ne. Inda za a ja layi, da shi ya kamata a ja.

Ɓangaren ilimin kuwa yana da tsari, kuma kusan kowane mataki nasa da wanda ya sha wahalar gano shi. Idan mutum ya zauna ya ce, "Likita, ba an kashe jijiyar ba? To me ke ciwo?", abin da nake fara nema shi ne ko wannan haƙorin ne ma. Sau da yawa maƙwabcinsa ne, ko dasashi, ko kogon hanci da ke saman turamen sama. Sannan in nemi tsagewa. Saiwar da ta tsage a tsaye ba ta da magani, ko sau nawa aka wanke ta. Alamarta wani siririn rami ne mai zurfi a gefe guda na dasashi, wanda ma'auni ke faɗawa ciki zuruf. Wannan kam cirewa ce, kuma faɗin haka da wuri tausayi ne. Sai in duba abin da ya rage na haƙorin a saman dasashi. Idan ba bangon da zai riƙe hula, duk gwanintar da za a yi a saiwa asarar kuɗin mutum ce.

Idan haƙori ya tsallake waɗannan, sai neman maɓoya. Tun 1917 Walter Hess na Zurich ya ɗura roba cikin dubban haƙora, ya narkar da haƙoran da asid, abin da ya rage ya nuna cewa kafar saiwa rassa gare ta, da lunguna, da hanyoyin da ke haɗe juna. Turmin farko na sama shi ne ya fi wahalar da mu. A saiwarsa ta gaba akwai kafa ta biyu, siririya, a ɓoye ƙarƙashin wani leɓen haƙori. Franklin Weine a 1969 ya same ta a kusan rabin haƙoran da ya duba, binciken Kulild da Peters na 1990 kuma ya same ta a fiye da kashi 90 cikin 100. Wani matashi ɗan kasuwa ya taɓa zuwa mini da irin wannan turmi, ya sha kafso daga kemis har ya gaji, kumburi na tafiya yana dawowa. Na ce masa, "Malam, maganin da kake sha jini ke kai shi, wurin nan kuwa jini ba ya zuwa." Hoto ya nuna kafofi uku cike da kyau, inuwa kuma a saiwar gaba kaɗai. Irin wannan ba na jinkiri a kansa, domin na san abin da aka bari, na kuma san hanyar zuwa gare shi. Aka buɗe, aka sami ta huɗun, aka wanke da sinadarin nan na bilic da muke amfani da shi, ƙurjin dasashin ya bushe kafin zama na biyu.

Wata maɓoyar daga sama take. A 1995 Ray da Trope suka duba hotunan haƙora 1,010 suka ga lafiyar saiwa na tafiya da kyan abin da aka rufe haƙorin da shi. Ɗaki ne mai kyan daɓe amma rufinsa na yoyo. Binciken baya ya nuna duka biyun na da muhimmanci, ciko da rufi, amma darasin ya zauna. A wurinmu wannan ya fi komai yawa: an gama aikin jijiya, an sa cikon wucin gadi, ciwo ya tafi, kuɗin hula bai samu ba, mutum bai dawo ba sai bayan shekara biyu da rami a buɗe.

Akwai alƙaluman da nake ganin haƙƙin maras lafiya ne ya ji kafin ya sa hannu a aljihu. Ulf Sjögren da abokansa a Umeå, 1990, sun bi marasa lafiya 356 tsawon shekara 8 zuwa 10. Haƙorin da aka yi wa aiki ba shi da inuwa, kashi 96 cikin 100 sun zauna lafiya. Mai inuwa a aikin farko, 86. Mai inuwa da aka sake wa aiki, 62. Aiki na biyu bai kai na farko ba, kuma dalilin a fili yake: ƙwayoyin da suka tsira daga wankin farko masu taurin kai ne, hanyar kuma an riga an taɓa ta. Gorni da Gagliani a Milan, 2004, suka raba abin gida biyu yadda ya fi amfani a aikace. Inda likitan farko ya bar kafar a kan siffarta, sake aiki ya ci a kusan kashi 87. Inda ya kauce hanya, ya huda gefe ko ya yi tudu a ciki, kashi 47 ne. Shi ya sa cikon da ya tsaya a rabin hanya, mummuna a hoto, ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a kan wanda ya yi kyau sumul amma inuwa ta ƙi tafiya. Na farkon akwai abin gyarawa. Na biyun, wataƙila cutar ta koma bayan saiwa, ko ta zama jaka mai ruwa, kuma a nan tiyata ta fi dacewa.

Tiyatar ma ta canza. Da can da ido tsirara ake yanke ƙarshen saiwa a toshe da cikon ƙarfe. Daga shekarun 1990 madubin tiyata ya shigo, Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda kuma ya fito da MTA, wani dangin siminti da ke kamawa cikin danshi, jiki kuma ba ya ƙin sa. Kvist da Reit a 1999 sun raba haƙoran gaba 95 ta hanyar ƙuri'a, wasu tiyata, wasu sake aiki ta sama. Bayan shekara ɗaya tiyata ce a gaba. Bayan huɗu ba bambanci. Saboda haka zaɓin kan koma kan hanya: idan ƙusa doguwa ce, cire ta na iya tsaga saiwa, gara a bi ta dasashi.

Abubuwa biyu na zamani na sa ni tuna 1910. Na farko dashen haƙori. Per-Ingvar Brånemark ya dasa wa mutum ƙusar titaniyam a Gothenburg a 1965, bayan taron Toronto na 1982 kuma abin ya game duniya. Alheri ne babba ga wanda ya rasa haƙori. Amma ya sa cirewa ta sake yin sauƙi a bakin likita, har ana cire abin da zai gyaru. Alhali binciken Salehrabi da Rotstein na 2004, kan haƙora kusan miliyan ɗaya da rabi da aka yi wa aikin jijiya a Amurka, ya sami kashi 97 na nan a baki bayan shekara takwas. Na biyu sabuwar na'urar hoto mai nuna haƙori ta kowace fuska, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1990. Tana gano kafar da aka manta, tana kuma gano inuwoyin da tsohon hoto bai taɓa gani ba. Ido ya sake ƙara kaifi, kuma an taɓa ganin abin da ya biyo baya sa'ad da ido ya riga fahimta.

A garuruwanmu dai abokin takarar sake aiki ba dashe ba ne, awartaki ne. Cirewa zama ɗaya ce, kuɗinta kaɗan. Sake aiki zama biyu ko uku ne, ga kuɗin hula, ga kuɗin mota ga wanda ya taso daga ƙauye. Ba na ganin laifin magidancin da ya auna ya ce a cire. Abin da ba na yarda da shi shi ne a cire ba a gaya masa akwai wata hanya ba, ko a karɓi kuɗinsa a sake aikin da aka san ba zai ci ba.

Mafi wuya ita ce inuwar da ba ta ciwo. Wata malamar makaranta ta zo wankin haƙori, hoto ya nuna inuwa ƙarama a gindin haƙorin gaba da aka yi wa aiki tun tana budurwa, da ƙusa, da hula mai kyau. A ƙa'idar Strindberg aiki bai ci ba. Amma hoto ɗaya ba ya faɗin ko inuwa tafiya take ko zuwa. Masu bincike a Bergen ta Norwe sun ga waɗansu na warkewa bayan fiye da shekara ashirin, wani lokacin ma tabo ne kawai. Na tambaye ta tsohon hoto, babu, kamar yadda yake ga kusan kowa a nan. Na tambayi ciwon suga, ciwon zuciya, ko wani magani mai raunana garkuwar jiki, domin da akwai ɗaya daga ciki da ban ba da shawarar jira ba. Babu. Na ce, "Hajiya, ga abin da na gani, ga abin da zai iya biyo baya in an taɓa, ga wanda zai iya biyo baya in an bari." Ta yi tambayoyinta, ta zaɓi jira. Na sa ta ɗauki hoton da wayarta, muka rubuta kwanan wata da faɗin inuwar a katinta. In ta ga kumburi, ko ɗan ƙurji a dasashi, ko zafi wajen cizo, ta zo a ranar. In ba haka ba, sai baɗi war haka mu ɗauki wani hoton ta kusurwa ɗaya mu jera su. Idan ta ragu ko tana nan yadda take, mu ƙara shekara. Idan ta faɗaɗa, mu zauna mu yi lissafin tiyata.